Duhun Gilashin Mota Daban, Kariya Daga Hasken Rana Daban

'Yan kasuwa da masu kamfanonin sufuri da dama kan kashe kuɗi wajen manna wa gilasan motocinsu baƙar leda, bisa zaton cewa duhunta ne ke kare fata da kujeru daga illar rana. Binciken masana bai goyi bayan wannan zato ba.

Abin da ke ƙona fata, ya kuma sa kujeru su koɗe, shi ne wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Iri biyu ne ke isowa ƙasa. Gilashi na yau da kullum yana tare mafi yawan UVB, amma UVA, wanda ke shiga cikin fata sosai, yana ratsa shi.

Gilashin gaba falle biyu ne da aka haɗa da siririyar roba a tsakani, kuma robar tana shanye UVA. Na gefe kuwa galibi falle ɗaya ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2016 kan motoci 29 ya nuna cewa gilashin gaba na tare kimanin kashi 96 cikin ɗari na UVA, na gefen direba kuwa kashi 71 kacal. Ke nan direban da ke wuni a kan hanyar Legas zuwa Kano, hannunsa na hagu da gefen fuskarsa ne suka fi shan wannan haske.

Sinadarin da ke cikin leda ne ke tare UV, launinta bai da hannu a ciki. Akwai leda garai mai inganci wadda ke tare kusan kashi 99 cikin ɗari ba tare da ta duhunta mota ba.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ta fuskar shari'a. Dokar soja mai lamba 6 ta shekarar 1991 ta haramta duhunta gilashin mota har a kasa ganin na ciki, sai da izinin Sufeto Janar na 'Yan Sanda bisa dalilin lafiya ko tsaro. Hukuncin da ta tanada shi ne tarar naira 2,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. An dakatar da ba da takardar izinin a 2021, aka dawo da ita a 2025, lamarin da ya sa Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya ta garzaya kotu.

Saboda haka, mai sayen leda ya kamata ya nemi takardar kamfanin da ya yi ta, ya duba adadi biyu: yawan UV da take tarewa, da yawan hasken da take bari ya wuce. Na farko shi ne lafiyar direba, na biyu shi ne abin da ɗan sanda zai duba a shingen bincike.