Abin da Na Gani a Birnin Alƙahira

A hutun da ya wuce ne Allah ya nufa na bi maigida zuwa birnin Alƙahira ta ƙasar Masar, inda ƙanensa yake karatu a Jami'ar Azhar. Tun da na dawo maƙwabta suke ta tambayata, "Malama, yaya garin Fir'auna?" To, ga abin da idona ya gane mini.

Ni dai haihuwar Kano ce, a zatona wanda ya shiga Kantin Kwari ranar jajibere ya gama ganin cunkoso. Ashe da saurana. Mutanen Alƙahira da kewayenta sun haura miliyan 20, akasarinsu kuwa a benaye suke zaune, hawa takwas, hawa goma, manne da juna, duk sun yi launin ƙasa, domin ruwan da zai wanke musu ƙura ba ya sauka sai jefi-jefi lokacin sanyi. Motoci kuwa ba sa daina busa ƙaho. Daren farko na leƙa ta taga wajen ƙarfe 2, sai na ga kantuna a buɗe, mata da 'ya'yansu suna ta sayayya kamar da hantsi. Tsallake titi ma sai da wata tsohuwa ta kama hannuna ta ratsa da ni tsakanin motoci, ina ta salati, ita ko a jikinta.

Wata dabara ta matan garin ta burge ni ƙwarai. Mace tana hawa na shida, ba za ta sauko don tumatir ba. Sai ta ɗaura kwando da igiya ta zuro shi ta baranda da kuɗi a ciki, mai talla ya zuba mata kaya ta janye abinta. Na ce a raina, da mu ne da mun aiki yarinya, alhali kuwa lokacin nan ya kamata tana aji. Gurasa ce babban abincinsu, suna kiranta aish, watau rayuwa. Akwai kuma koshari: shinkafa da taliya da adas, a kwarara miyar tumatir a barbaɗa soyayyar albasa. Da na ji bayaninsa na yatsine fuska, amma kafin mu dawo har ƙari nake nema. A kasuwar Khan Halili kuwa na sha kunya, domin lambar biyar a rubutunsu kamar sifirinmu take, sifirinsu kuma ɗigo ne kurum, sai na karanta farashin mayafi a baibai.

Amma abin da ba zan manta ba shi ne ranar da na ɓace. Suna da jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin gari, wanda aka buɗe a 1987, shi ne na farko irinsa a Afirka. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragu na mata zalla. Muka shiga a tashar Sadat da ke ƙarƙashin dandalin Tahrir, za mu ziyarci masallacin Sayyida Zainab. Maigida ya ce, "Ki shiga wajen mata, tasha ta biyu za ki sauka." Na ce to. Tikitina da kuɗi duk suna aljihunsa, wayata kuma babu layin ƙasar a kanta.

Abin da ban sani ba shi ne, mai son sauka tun da wuri yake kutsawa bakin ƙofa. Ni kuwa na tsaya ina jiran a ba ni hanya irin ta mutunci. Ƙofa na buɗewa masu shigowa suka danno, kafin in yi taku uku ta rufe. Ta gilashi na hango maigida a tsaye yana waige-waige, jirgi ya wuce da ni. 'Yan'uwa, gabana ya faɗi. Ko sunan unguwar da muka sauka ban riƙe ba, domin tun da muka zo bin sa kawai nake yi.

Na juya na yi wa matan da ke kusa da ni magana da ɗan Larabcin Islamiyya. Suka yi murmushi, suka amsa da nasu Larabcin na gida, wanda jimun yake komawa "ga", ban tsinci komi ba. Sai wata yarinya mai jakar littattafai, ba za ta wuce shekara goma sha huɗu ba, ta tambaye ni da Turanci ko lafiya. Ita ce ta saukar da ni a tashar Malikus Salih, ta saya mini tikiti da kuɗinta, ta nuna mini allon da ke cewa jirgin wannan gefe Helwan ya nufa, na wancan gefe kuma Marg, shi ne zai mayar da ni baya. Ba ta rabu da ni ba sai da ta damƙa ni hannun maigida, wanda Allah ya taimaka bai gusa daga inda yake ba. Ya miƙa mata kuɗi, ta girgiza kai ta ruga don ta makara. Daren nan na sa ƙanen maigida ya rubuta mini adireshin masaukinmu da Larabci, na ƙulle takardar da 'yan kuɗi a bakin mayafina.

Kashegari muka je Giza muka ga dalar Fir'auna Khufu, wadda ta shekara wajen 4,500 a tsaye. Girmanta ya wuce a faɗa da baki. Amma ni inda na fi daɗewa shi ne hubbaren Sayyida Nafisa, jikanyar gidan Manzon Allah (S.A.W.), wadda ta rasu a garin a shekara ta 824. Malamai sun ce Imamu Shafi'i da kansa ya saurari hadisi daga gare ta. Na zauna a sashen mata har aka kira la'asar, wata baiwar Allah da ke gefena ta gutsuro gurasarta ta miƙo mini, muka ci tare ba mai jin harshen wata.