Harafi da sauti: darasi daga sunan Semi Radradra

0. Gabatarwa

Ɗalibai da yawa suna zuwa ajin ilimin furuci da zaton cewa kowane harafin boko yana da sauti guda da ya gada, ko a wane harshe aka same shi. A cikin wannan ɗan rubutu muna son mu nuna kuskuren wannan zato, kuma misalinmu daga filin wasa muka ɗauko shi: sunan wani ɗan wasan zari-ruga na tsibiran Fiji, wanda masoyansa suka yi shekaru suna yi wa kirari alhali rubutun sunansa na ɓatar da duk wanda bai san ƙa'idarsa ba.

1. Ɗan wasan da masoyansa

Zari-ruga iri biyu ne tun rabuwar da aka yi a Ingila a 1895: mai ƴan wasa 15 da mai ƴan wasa 13. A na biyun, wanda ya yi ƙarfi a Ostareliya da arewacin Ingila, ƴan gefe biyu ne ke tsayawa bakin fili, ɗaya dama ɗaya hagu. Aikinsu shi ne su karɓi ƙwallo su sheƙa, su dangwala shi bayan layin abokan hamayya, abin da ke kawo maki 4.

An haifi Semi Radradra a 1992 a Fiji. Ya yi wa ƙungiyar Parramatta ta birnin Sidni wasa daga 2013 zuwa 2017. A 2015 ya dangwala ƙwallo sau 24, ya fi kowa a gasar ta wannan shekara. Saboda girman jikinsa da gudunsa, masoya suka laƙaba masa "Semi Trailer", wato tirela. A 2017 ya koma wasan ƴan 15 a Faransa, Toulon da farko sannan Bordeaux, kuma a 2021 ya ci zinariya da tawagar Fiji ta ƴan 7 a wasannin Olimpik na Tokyo.

A lura cewa laƙabin an gina shi ne a kan sunansa na farko, wanda ba ya ba kowa wuya. Na biyun kuwa, furucinsa shi ne [randrandra], ga shi babu harafin n ko ɗaya a rubuce. Ina n ɗin ya fito?

2. Ƙa'idar rubutun Fijiyanci

Wasu ƴan mishan biyu, David Cargill da William Cross, waɗanda suka sauka tsibirin Lakeba a 1835, su suka ɗora harsashin wannan rubutu. Gaɓar Fijiyanci ba ta wuce wasali kaɗai ko baƙi da wasali; ba ta ƙarewa da baƙi, baƙaƙe biyu kuma ba sa haɗuwa. Amma harshen yana da tsayau masu ziza waɗanda a kullum ɗan hanci ke gabata, kuma a kunnen mai harshen sauti guda ne. An ruwaito cewa da aka fara rubuta su da haruffa biyu, masu koyon karatu sai suka dinga cusa wasali a tsakani. Daga nan aka ba kowanensu harafi ɗaya. Ga yadda tsarin yake:

b yana wakiltar [mb]: Lakeba, a furta Lakemba;
d yana wakiltar [nd]: Nadi, a furta Nandi;
q yana wakiltar [ŋg]: Tuqiri, a furta Tungiri;
g yana wakiltar [ŋ]: Sigatoka, a furta [siŋatoka];
c yana wakiltar [ð], sautin zalun na Larabci: Civoniceva, a furta [ðiβoniðeβa];
dr yana wakiltar [ndr]: Nadruku, a furta Nandruku.

Uku daga cikin misalan nan sunayen ƴan zari-ruga ne: Noa Nadruku, ɗan gefen Canberra da ya yi tashe daga 1993, Lote Tuqiri, ɗan gefen Brisbane, da Petero Civoniceva, ɗan gaba.

Ke nan dr tagwan harafi ne, kamar sh ko ts na Hausa, sunan kuma gaɓa uku gare shi: Ra.dra.dra. Wannan n da muke ji ba ƙarshen gaɓar farko ba ne, farkon ta biyu ne.

3. Yadda baƙon baki ke karanta shi

Kowa da ƙa'idar harshensa yake tarbar sunan. Bafaranshe zai karanta dr kamar yadda yake yi a kalmar drapeau, ba hanci, da r ɗinsa na maƙogwaro. Bahaushe kuwa, wanda gaɓarsa ba ta farawa da baƙaƙe biyu, zai nemi ya ce Radaradara, kamar yadda ya samar da direba da burodi. Wato abin da mutanen Fiji suka yi wa mb a ƙarni na 19, shi ne za mu yi wa nasu dr.

Ko an gaya mana akwai n, da sauran aiki. A Hausa nd yana rabuwa tsakanin gaɓoɓi biyu, kamar gan.du, don haka za mu yanka Ran.dran.dra, mu nauyaya gaɓar da a asali sassauƙa ce. Mai jin Fulfulde ya fi mu kusa, tun da yana da ndiyam (ruwa) da mbeewa (akuya), inda sautin ke buɗe kalma. Haka kuma mai jin Zabarmanci, da kalmarsa ŋwa (ci), ba zai sha wuyar g na Fiji ba, alhali a Hausa [ŋ] ba ya fara gaɓa. A ƙarshe muke jin sa, kamar a nan da can.

Harafin c shi ya fi fito da batun fili. A Hausa sautin ciki ne, a Faransanci [k] ko [s], a Fijiyanci [ð]. Wannan matsala ba baƙuwa ba ce gare mu. Rubutun Faransanci ya mai da Tasawa Tessaoua, Tawa Tahoua, ya kuma shafe lanƙwasar Maraɗi. Bambancin shi ne namu sunayen an sake musu rubutu don kunnen baƙo, mutanen Fiji kuwa sun riƙe nasu yadda yake, sai baƙo ya koya.

4. Kammalawa

Abu biyu muka fahimta. Na farko, darajar harafi yarjejeniya ce ta masu harshe, kuma ingancin rubutu ana auna shi da sauƙin da ya kawo musu, ba da sauƙin da ya kawo wa na waje ba. Na biyu, sai an san tsarin gaɓa kafin a iya furta suna daidai. Jeren sautuka kaɗai bai isa ba.

Saura tambaya ga masu aikin jarida da fassara: a matanin Hausa, Radradra za a rubuta ko Randarandara? Ra'ayinmu shi ne a bar wa mutum rubutun sunansa, a nuna furucin sau ɗaya a ambato na farko. Muna fatan abokan aiki za su tattauna wannan shawara, musamman game da sunayen harsunanmu na ƙasa idan suka shiga matanin Faransanci.