Kuɗin Cizo: Ƙwaron da Ke Kwana da Mu

Kuɗin cizo yana cikin babban gidan ƙwarin da masana ke kira Hemiptera, mai nau'i sama da 80,000. Abin da ya haɗa su shi ne baki mai kama da allura: yawancinsu ruwan tsirrai suke tsotsa, shi kuwa jini ne abincinsa.

Tsawonsa kamar milimita 5 ne, jikinsa a baje, ba ya tashi, shi ya sa yake iya shigewa ɗinkin katifa ko tsagar gado. Ɗumin jiki da numfashin mai barci ne ke jawo shi da dare. Ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, ɗansa kuma sai ya yi saɓa sau biyar kafin ya balaga, kowace saɓa sai ya sha jini. Babba yana iya yin watanni bai ci komai ba.

Nau'in kuɗin cizo mai suna Cimex hemipterus ya fi yawa a ƙasashe masu zafi irin namu. Yawancin maganin feshi ya daina kashe shi, amma zafi yana gamawa da shi. A wanke zanin gado da tafasasshen ruwa, a kuma duba katifa ta hannu kafin a saya.