Kunya da Rumbun Gero a Ƙasar Damargu

Tun zamanin da ayarin Abzinawa ke saukowa da gishirin Bilma su koma da gero aka san ƙasar Damargu, wato Tanut da Belbeji a arewacin Damagaram, da cikar rumbu da sakin hannu. Amma wannan suna da kakanni suka bari, ko da yake abin alfahari ne, ya zame wa magidanta da yawa kaya mai nauyi, domin damina a bakin Sahara gajera ce, kuma duk wanda ya ga yunwar 1984 da ta 2005 ya san ba kowace shekara rumbu ke cika ba.

Da kaka ta yi, an ɗaure dammuna, sai a fara sallama: ƙanin uba na neman gudummawar aure, suruki na son rance, abokin da aka yi cin rani tare da shi a Libiya ya zo da tasa lalura. Maigida ya san abin da ya samu ba zai kai iyalinsa bazara ba, amma don gudun kada a ce ya yi rowa sai ya ce, "Ba komai, Baba, a ɗiba," sa'an nan ya kwana ido biyu yana lissafi. Abin da ya fi asarar hatsin ciwo, a ganina, shi ne abin da ke biyo baya a zuci, gama kyautar da kunya ta ƙwata ba da yardar rai ba takan haifi ƙullaci, har mutum ya riƙa jin faɗuwar gaba in ya ji muryar ɗan'uwansa a ƙofar gida, ya huce haushinsa a kan matarsa da 'ya'yansa, alhali su ne za su sha kunu tsararo lokacin noma.

Malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da rarrabe al'amarin: ciyar da iyali da iyaye mabuƙata wajibi ne, zakkar hatsin damina ushiri ce ga wanda ya kai nisabi, abin da ya wuce haka sadaka ce ta ganin dama, ba a kuwa gabatar da nafila a kan farilla. Manomin da ya ware abincin shekara da iri, ya fitar da zakka, sa'an nan ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, tiya biyar ce iyakar ikona bana," bai yanke zumunci ba; lalle za a yi gunaguni a bayan idonsa na ɗan lokaci, amma in Kawu ya dawo baɗi, ba sai ya ɓuya a ɗaki ya sa yaro ya ce ba ya nan ba.