Ƙwayoyin Gadon Yis da Ba a Sanin Aikinsu Sai Wuya Ta Zo

Yis ɗin da ke kumbura burodi da fanke da alkubus halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tal, wadda masana ke kira Saccharomyces cerevisiae. A 1996 wata babbar tawaga ƙarƙashin jagorancin André Goffeau na Beljiyam ta gama karanta DNA ɗinsa kaf, aka tarar da ƙwayoyin gado kusan 6,000. Sai dai karatu daban, ganewa daban. Har a 2007 sama da 1,000 daga cikinsu babu wanda ya san aikinsu. Ko suna ba a raɗa wa yawancinsu ba, da lamba ake kiransu.

Dabarar binciken ita ce a cire, a ga abin da zai ɓaci. Akan zare ƙwayar gadon a dasa wata mai suna KanMX a gurbinta, wadda ke kare yis daga gubar G418, saboda haka da an zuba gubar, waɗanda aikin ya yiwu a kansu kaɗai ke rayuwa. Zuwa 2002 an yi wa kashi 96 cikin ɗari haka, ɗaya bayan ɗaya. Kusan ɗaya cikin biyar, cire ta mutuwa ce. Amma akasarin sauran, yis ya ci gaba da hayayyafa ko a jikinsa.

Shin waɗannan ƙwayoyin gadon banza ne ke nan? A'a, gata ne ya yi wa yis yawa. A ɗakin gwaji sukari har ya ture, ɗumi digiri 30 daidai yadda yake so, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Don haka mai bincike kan tsinka ruwan yis ninki goma-goma, ya ɗiɗɗiga shi a jere kan faranti, lafiyayye a sama, wanda aka yi wa cira a ƙasa. Wani faranti an gauraya masa gishiri, wani a kai shi wuri mai digiri 37. Bayan kwana biyu zuwa uku, idan layin sama ya fito da ɗigo fari ƙal har ƙarshe, na ƙasa kuwa ya dushe tun a tsakiya, magana ta fito. Yis ɗin da ya rasa ƙwayar gadon HOG1 lafiya lau yake, har sai gishiri ya fara zuƙe masa ruwan jiki. A nan yake kasa tara gilisarin da zai riƙe ruwan. A 2008 Maureen Hillenmeyer da abokan aikinta a Stanford sun yi gwaji sama da 1,000 a yanayi iri-iri, suka ga kashi 97 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon suna da inda rashinsu ke bayyana.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan. Audrey Gasch ta nuna a 2000 cewa ƙwayoyin gado kusan 900 kan sauya aiki duk lokacin da yis ya shiga ƙunci, ko wane iri ne. Hankali zai ce waɗanda suka zabura su ne masu ceto. Amma binciken cirar nan na 2002 ya nuna ƙasa da kashi 7 cikin ɗari na masu zaburar ne cire su ke hana yis girma yadda ya kamata a wannan yanayin. Wanda ya ga ƙwayar gado ta tashi tsaye a zafi ya ce ta kare zafi ce, a ganina ya yi gaggawa.

Akwai kuma masu tagwaye: a cire ɗaya, 'yar'uwarta ta rufa asiri. Wannan ya sa masu bincike a Toronto suka koma cire bibbiyu, haɗi sama da miliyan 23 zuwa 2016. Ko an ga rauni ma, ƙwararre ba ya saurin yarda, domin yis ɗin da aka yi wa cira kan tsinci wani sauyin a wani wuri daban. Sai ya mayar da ƙwayar gadon gurbinta, ya sake ɗigawa kan farantin gishiri, ya ga ko juriyar ta dawo.