Cutar da ke Kwance a Cikin Bututun Ruwan Asibiti

Yau asibiti za mu, kuma inda za mu fi daɗewa wurare ne da mai zuwa dubiya ba ya ko kai musu ido: tankin ruwa na saman rufi, da bututun da aka binne cikin bango, da kan shawar da ke banɗakin majinyata.

A ce dattijo ne aka kwantar domin aikin ƙoda. An yi aiki lafiya, har ya fara zama yana cin abinci, 'yan uwa sun fara tambayar ranar sallama. Bayan mako guda sai zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, ga tari, ga numfashi sama-sama, wani lokaci har da gudawa da sambatu. Masu jinya su ce sanyi ne ya shige shi. A ɗauki hoton ƙirji, a ga ciwon huhu, a ɗora shi kan allurar da aka saba, amma jiki kullum baya yake yi. A irin wannan hali akwai tambayar da likitocin duniya suka koyi yi bayan an yi asarar rayuka da dama: wane ruwa wannan mutum ya shaƙa tun da ya kwanta?

Labarin gano wannan cuta ya faro ne a birnin Filadelfiya na Amurka, a watan Yulin 1976. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta American Legion ta yi babban taronta a otal ɗin Bellevue-Stratford. Mahalarta suka watse zuwa garuruwansu, bayan 'yan kwanaki sai aka fara kwasar su zuwa asibiti da ciwon huhu mai tsanani. Mutum 221 suka kamu, 34 suka rasu. An zargi guba, an zargi murar aladu, an yi wata shida ana lalube. Sai a watan Janairun 1977 wani masanin ƙwayoyin cuta na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC), Joseph McDade, ya gano wata bakteriya da ba a santa ba a da. Daga sunan ƙungiyar aka raɗa mata Lijiyonela.

Da farko hankalin masu bincike ya karkata ga manyan na'urorin sanyaya gini, masu hasumiyar ruwa a kan rufi da ke fesa raɓa cikin iska. Kuma zargin yana da tushe. A 1985, a babban asibitin garin Stafford na Ingila, irin wannan hasumiya ce ta watsa cutar, mutum fiye da ashirin suka mutu. To amma akwai asibitocin da majinyata ke ta kamuwa ɗaya bayan ɗaya, bana da baɗi, ba tare da an iya ɗora laifin a kan na'urar sanyi ba.

Amsar ta fito daga asibitin tsofaffin sojoji na birnin Fitsbag a jihar Fensilbaniya. A can wata matashiyar mai bincike, Janet Stout, da likita Victor Yu da abokan aikinsu suka bi ɗakunan majinyata suna ɗibar ruwa daga famfo, suna goge cikin kan shawa da auduga, suna zuƙo dagwalon da ya kwanta a gindin tankin ruwan zafi. Ƙwayar da ke huhun majinyata ita suka tarar a waɗannan wurare. Sun wallafa sakamakon a 1982. Wato ruwan da asibiti ke bai wa mara lafiya ya yi wanka, ya kuskure baki, shi ne ke ɗauke da abin da zai iya kashe shi.

To ta yaya ƙwayar ke samun gindin zama a ginin da kullum ake share-share da goge-goge?

Asalinta ƙwayar rafi ce da tafki, tana nan kaɗan-kaɗan ba ta damun kowa. 'Yan ƙalilan sukan tsallake matatar ruwan gari su iso gini. Abu uku take buƙata ta yi yawa: ɗumi, da ruwan da ya kwanta ba ya gudu, da dauɗa. Tsakanin digiri 20 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyos take hayayyafa, kuma ta fi jin daɗi a wajen digiri 35, kusan ɗumin jikin mutum. Ƙasa da 20 sai ta lafe, ba ta mutu ba amma ba ta ƙaruwa. A digiri 60 mintoci kaɗan ke kashe ta.

Duk wanda ya taɓa sa hannu cikin randar da ta daɗe ba a wanke ba ya san wannan santsin da ke manne a jikinta. Irinsa ke shimfiɗe a cikin bututu, kuma nan ne mafakar Lijiyonela. A cikin wannan santsi akwai wasu ƙananan halittu da ake kira amiba, masu haɗiye bakteriya su narkar da ita. Ita Lijiyonela idan an haɗiye ta ba ta narkewa, sai ta mayar da cikin amibar ɗakin haihuwa, ta yi ta ninkuwa har amibar ta fashe. Tana ciki kuwa, kilorin da aka zuba wa ruwa ba ya isa gare ta sosai. Wannan dabarar ce take maimaitawa a huhun ɗan Adam: ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye ta da niyyar hallaka ta, ita kuma ta zauna cikinsu ta hayayyafa.

Ginin asibiti kuwa kamar domin ta aka yi shi. Yawanci tsohon gini ne da aka yi ta ƙara wa ɓangarori. An rufe wani banɗaki an mayar da shi sito, an toshe famfon, amma guntun bututun yana nan cikin bango cike da ruwan da ya shekara bai motsa ba. Ga ɗakin da ya yi wata biyu ba a kwantar da kowa ba. Ga ruwan zafi da aka rage masa wuta don kada ya ƙona tsofaffi da yara, sai ya sauka daidai ɗumin da ƙwayar ke so.

Hanyar shigarta jiki ta numfashi ce. Shawa ko famfo mai ƙarfi yana tayar da ɗigon ruwa ƙanana da ido ba ya gani, mutum ya shaƙa su wuce har cikin huhu. Majinyacin da ba ya iya haɗiya sosai, ko wanda aka zura wa robar abinci ta hanci, idan ya ƙware da ruwa ya bi ta hanyar iska, shi ma zai iya kamuwa. Sai kuma na'urorin numfashi da aka cika da ruwan famfo. A ƙarshen 2008, a wani asibiti mai zaman kansa a Nikosiya, babban birnin Saifurus, an zuba ruwan famfo a na'urar da ke jiƙa iskar ɗakin jarirai. Jarirai tara suka kamu, uku suka rasu. Iyayen sun haihu lafiya, suna jiran su koma gida da abinsu.

Alamun sukan bayyana bayan kwana 2 zuwa 10. Hukumar CDC ta ƙiyasta cewa cikin mutum goma da suka kamu da cutar, ɗaya ke mutuwa, amma idan a wurin jinya aka kamu, sai ya zama ɗaya cikin huɗu. Dalili a fili yake: su wa ke kwance a asibiti? Tsofaffi, masu ciwon daji, waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, masu ciwon suga, masu daɗaɗɗen ciwon huhu, da masu shan magungunan da ke raunana garkuwar jiki. Abin da ya fi ciwo shi ne cutar tana da magani. Azithromycin da levofloxacin suna shiga har cikin ƙwayoyin jiki su same ta. Dangin fanisilin, har da ceftriaxone da ake yawan fara bai wa mai ciwon huhu, ba sa yi mata komai. A hoton ƙirji kuma ba a iya bambanta ta da sauran ciwon huhu. Sai an yi gwajin fitsari na musamman, ko an kai kakin majinyaci ɗakin gwaji an nemi ita kanta. Asibitin da ba ya yin gwajin zai yi ta cewa ba shi da cutar, alhali yana sallamar gawarwakinta da sunan wani ciwo.

Mu koma Fitsbag, domin can ne darasin ya fi ɗaci. Asibitin da ya fara nuna wa duniya haɗarin ya sa na'urar da ke sakin sinadaran jan ƙarfe da azurfa cikin ruwa don kashe ƙwayar. Duk da haka, tsakanin 2011 da 2012 cutar ta sake ɓarkewa a wurin, majinyata fiye da ashirin suka kamu, aƙalla biyar suka rasu. Binciken gwamnati ya gano ba a kula da na'urar yadda ya kamata ba, ba a sakin ruwan famfunan da ba a yawan amfani da su a kai a kai, kuma ba duk majinyacin da ya kamu da ciwon huhu a asibitin ake yi wa gwajin ba. Sai da maganar ta kai gaban majalisar dokokin ƙasar. A 2017 hukumar da ke biyan asibitocin Amurka kuɗin jinyar tsofaffi da marasa ƙarfi ta wajabta wa kowane asibiti ya rubuta tsarin kula da ruwansa. A ganina wannan shi ne gaskiyar lamarin: sayen na'ura abu ne mai sauƙi, abin da ke gagara shi ne a samu mutumin da aka ɗora wa alhakin ruwa da sunansa, wanda zai riƙa zagayawa da ma'aunin zafi da littafi kowane mako.

Aikin kansa sananne ne. A Birtaniya ƙa'idar ita ce a ajiye ruwan zafi a digiri 60, na sanyi ƙasa da 20, a gauraya su daf da bakin famfo don gudun ƙuna. A yanke bututun da ba ya zuwa ko'ina. A saki ruwan ɗakunan da babu kowa. A kwance kan shawa a kankare shi. A ɗakunan masu raunin garkuwa a ɗaura matata mai ƙananan ƙofofi a bakin famfo. A riƙa kai samfurin ruwa ɗakin gwaji.

A nan ƙasashenmu kuwa, ruwan zafi na bututu bai yawaita a asibitoci ba, amma rana tana yin aikin hita. Baƙin tankin roba a saman ƙarfe, a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi ko Maiduguri, ruwan cikinsa ya wuce digiri 20 nesa ba kusa ba. Ruwa ya zo yau, ya ɗauke kwana uku, ya kwanta cikin bututu. Rijiyar burtsatse kuma ba ta zuwa da kilorin sai an zuba. Duk sharuɗɗan nan uku suna iya haɗuwa a wuri ɗaya.

Sannan ku dubi 'yar kwalbar nan da ke jikin tukunyar oksijin a gefen gado, wadda ruwa ke ɓulɓula a ciki. Iskar da ta ratsa wannan ruwa kai tsaye take shiga hancin mara lafiya. Idan ruwan ya yi ƙasa, mai jinya mai son taimakawa kan tashi ya ƙara daga famfo ko daga ledar ruwan sha. Don Allah a bar wa ma'aikacin jinya wannan aiki. Ruwan da aka tsarkake na asibiti ake zubawa, inda babu shi a tafasa a bari ya huce, a wanke kwalbar, a sauya ruwan kullum.

Kada kuma tsoro ya sa a guji mara lafiya, domin wannan cuta ba a saba ɗaukarta daga mutum zuwa mutum ba. Kada a daina wanke hannu a famfon asibiti, amfaninsa ya fi haɗarinsa nesa. Amma idan naku ya kwana biyu a asibiti sannan ciwon huhu ya taso masa, magani kuma ya ƙi ci, ku tambayi likita cikin ladabi ko an yi tunanin Lijiyonela. Ku kuma shugabannin asibitoci da kuke sauraronmu, gobe da safe ku kira mai kula da ruwa ku tambaye shi ranar da aka wanke tanki na ƙarshe, ku sa ya buɗe murfin a gabanku ku leƙa.

Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi.