Mutumin da ya mai da ƴaƴan itacen daji dukiya

Duk wanda ya san kasuwar Katako ta birnin Yamai ya san buhunan goriba, magarya, aduwa da tsamiya da ake saukewa daga ƙauyuka. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar su abin tsotson yara ko abincin talaka. Amma a Damagaram akwai wani mutum da ya hango abin da sauran jama'a ba su hango ba. Sunansa Josef Garvi.

Iyayensa Turawa ne. Sun zo Nijar a shekarun 1980, suka shiga aikin shuka itatuwan gida a Dalli, kusa da Tanut. A ƙasar nan ya girma. A shekarar 2014 ya kafa kamfanin Sahara Sahel Foods a Damagaram. Bai nemo iri daga waje ba, bai haƙa rijiyar ban ruwa ba. Itatuwan da Allah ya shuka mana su ne jarinsa.

Babban abin mamaki shi ne yadda ya ɗaukaka hanza, wadda wasu ke kira anza ko dilo. Lokacin yunwar 2005, in aka ce mutanen gari kaza suna cin hanza, to an san wahala ta kai wahala. Alhali itacen nan yana zama kore ko da damina ta yi gardama, kuma ƴaƴansa suna nuna daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ƙwayar tana da sinadarin gina jiki. Matsalarta ita ce ɗaci, kuma tana da guba in ba a cire ɗacin ba. Kamfanin yana cire ɗacin, ya yi gari, dambu da biskit da ita. Yau abin da ake jin kunyar ci ya shiga leda mai tambari, ana saye da kuɗi.

Haka kuma ya yi da sauran itatuwa. Ana tatsar mai daga ƙwallon aduwa, ana yin abin sha da ƴaƴan itace. Dubi danya: a Afirka ta Kudu ana yin barasa da ita mai suna Amarula, ana kai ta ƙasashen duniya. Mu kuwa muna iya matse ta mu sami abin sha na halal, wanda ya fi lemo yawan bitamin C.

Ribar ba ta tsaya a kamfani ba. Matan karkara ne ke tsinto yawancin kayan, a auna, a biya su. Macen da itace ya saya wa sabulu da maganin yara ba za ta yarda a sa masa gatari ba.

Saboda haka, ya ku manoma, in kuna sassabe ku bar tsiron hanza, aduwa, magarya da danya, ku rage musu rassa su miƙe. Da irin wannan sassaben zamani ne manoman Maraɗi da Damagaram suka raya miliyoyin itatuwa. Ku kuma mata, kada ku ba iyali hanza sai kun jiƙa ta kwanaki kuna sake ruwa, har ɗacin ya fita sarai. In za ku yi abin sha, ku tafasa ruwan, ku wanke gora, kada ku bar shi ya kwana cikin zafi ya yi tsami. Arzikin da muke nema nesa, ga shi nan tsaye a bakin gonarmu.